Dalma Cikin Rigar Mai: Sharhi Kan Gubar Da Aka Zuba Wa Fetur Kusan Ƙarni Guda

A ranar 30 ga Agusta, 2021, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Nairobi, ta sanar cewa babu sauran gidan mai a duniya da ke sayar wa motoci fetur mai dalma. Aljeriya ce ta ƙarshe, ita ma ragowar da ke ajiye gare ta ta ƙare a watan Yulin wannan shekara. Tun daga galan na farko da aka sayar a garin Dayton na Amurka a watan Fabrairun 1923, shekara 98 ke nan ana zuba guba a tankin mota da gangan, salansa kuma tana feso ta a kan tituna da gonaki da gidajen mutane.

Idan aka ce "gubar dalma", hankalin mai karatu zai koma Zamfara, inda a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Waccan dalma ce ta cikin dutse. Wadda za mu yi magana a kanta 'yar'uwarta ce da ɗan'adam ya ƙera da hannunsa. Ya ɗauki ƙwayar dalma ya lulluɓe ta da sinadaran kabon, har ta zama ruwa mai narkewa cikin fetur, mai ratsa fatar mutum. Sanin yadda aka ɗinka mata wannan riga, da yadda rigar ke yagewa, shi zai bayyana abin da ya sa illarta ta fi ta dalmar dutse saurin kai wa ƙwaƙwalwa, da kuma abin da ya sa har yau ba mu rabu da ita ba.

Yadda aka ɗinka rigar

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da taushi, ita ce ta 82 a jadawalin sinadarai. A wannan jadawali layinta ɗaya da kabon da silikon da kuza, wato kuzar nan da aka daɗe ana haƙa a Jos. 'Yan wannan gida kowannensu na iya miƙa hannu huɗu ya riƙe wasu ƙwayoyin. A cikin dutse da batirin mota da tsohon fenti, dalma takan haɗu ne da sulfa ko iskar oksijin. Masana na kiran haɗi "na kabon" ne kawai idan ƙwayar dalmar ta riƙe ƙwayar kabon kai-tsaye, ba tare da wani a tsakaninsu ba.

Mafi shahara a wannan dangi ita ce dalma mai etil huɗu, wadda ake taƙaita sunanta da TEL. Etil wani ɗan gungu ne na ƙwayar kabon 2 da ta haidurojin 5. Dalma na zaune a tsakiya, gungu huɗu sun kewaye ta ta kowace kusurwa. Tana da ƙanwa mai metil huɗu, wadda aka fara sa wa fetur wajen 1960, kuma ta fi ta saurin tashi cikin iska. A masana'anta, ana narka dalma da sodiyam a haɗe, sannan a gama su da etil kulorayid. Abin da ke fitowa ruwa ne marar launi, mai maiƙo da ɗan ƙanshi, wanda nauyinsa ya fi na ruwan sha ninki ɗaya da rabi.

Abubuwa biyu ne suka raba TEL da sauran nau'o'in dalma. Na farko, tunda kabon da haidurojin ne suka rufe ta ruf, duk abin da ya taɓa ta mai yake gani. Ba ta narkewa a ruwa, amma tana narkewa a fetur da kitse. Na biyu, riƙon da ke tsakanin dalma da kabon sako-sako ne, domin ƙwayar dalma ƙatuwa ce, ta kabon kuwa 'yar mitsitsiya. Zafi ko hasken rana na iya tsinka shi. Daga waɗannan halaye biyu amfaninta ga inji ya fito, daga gare su kuma dukkan masifarta ta taso.

Abin da ya kai ta tankin mota

Wani Bajamushe masanin sinadarai, Carl Löwig, shi ya fara haɗa ta a farkon shekarun 1850, ta kuma zauna a ɗakin gwaji kusan shekara 70 ba wanda ya neme ta. Matsalar inji ce ta fito da ita. A injin fetur, fistan kan matse cakuɗen mai da iska, fulogi ya kyasta, wuta ta bi cakuɗen a hankali har ta cinye shi. Idan matsin ya yi yawa, ragowar cakuɗen da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa kafin lokaci. Direba ya ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙarfin mota ya ragu, fistan ya lalace. Wannan daban yake da "nokin" da makanikanmu ke faɗa idan inji ya kama saboda rashin baƙin mai.

A watan Disamban 1921, Thomas Midgley, wanda ke aiki ƙarƙashin Charles Kettering a sashen bincike na kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗigon TEL kaɗan na kashe wannan ƙara. Da zafin inji ya tsinka rigar, dalmar kan haɗu da oksijin ta zama ƙura mai laushi, ƙurar kuma ta kama gutsattsarin sinadarai masu zafin nama da ke haddasa fashewar. Amma sai ƙurar ta riƙa taruwa a kan fulogi da bawul. Maganin da aka samo shi ne a ƙara wasu sinadarai biyu masu ɗauke da buromin da kulorin, waɗanda ke mai da dalmar wani gishiri mai tashi da zafi, don ta bi hayaƙi ta fita. Wato tun a wurin tsara haɗin aka yanke shawarar cewa dalmar za ta ƙare a iskar da jama'a ke shaƙa.

Ba wai babu wata hanya ba ce. Su Midgley sun san cewa idan aka gauraya fetur da etanol, wanda ake samu daga hatsi da rake, ƙwanƙwasar na raguwa. Sai dai kowa na iya yin etanol, ba wanda zai mallaki haƙƙinsa. TEL kuwa tana da rajistar mallaka, ana samun riba a kan kowane galan. A 1924 General Motors da Standard Oil na New Jersey suka kafa kamfanin sayar da ita, hajar da tun farko aka raɗa wa suna "Ethyl". Kalmar dalma ba ta fito a sunan ba.

Abin da take yi wa jiki

Dalmar dutse sai an haɗiye ta ko an shaƙi ƙurarta, kusan ba ta ratsa lafiyayyar fata. TEL kuwa kura ce da fatar akuya. Fatar mutum da bangon huhu da shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa duk da kitse aka gina su, saboda haka suna buɗe mata ƙofa. Da ta isa hanta, sinadaran hanta da aikinsu shi ne farfasa baƙin abu sai su cire mata gungu ɗaya, ta koma mai etil uku. Wannan mai ukun ita ce ainihin gubar. Tana iya tafiya cikin jini, tana kuma iya shiga kitse, sai ta taru a ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ta hana ƙwayoyin jijiya samar da kuzarin da suke rayuwa da shi.

Alamun ba sa bayyana nan take, saboda hanta na buƙatar sa'o'i ko kwanaki kafin ta gama wannan juyi. Mutum ya fara da rashin barci da munanan mafarkai, sai rawar jiki, sai gane-gane da hauka tuburan, sai farfaɗiya, wani lokaci har mutuwa. Magungunan da ke kamo dalmar dutse su fitar da ita ta fitsari, irin waɗanda aka ba yaran Zamfara, ba su da ƙarfi sosai a kan mai etil uku.

An ga wannan tun da wuri. Midgley kansa ya yi jinyar gubar dalma a farkon 1923. A watan Oktoban 1924, a matatar Bayway da ke New Jersey, ma'aikata 5 suka mutu cikin hauka, aka kwantar da fiye da 30. A masana'antar DuPont da ke Deepwater, ma'aikata sun riƙa kakkaɓe ƙwarin da babu mai gani sai su, har suka laƙaba wa wurin "gidan malam-buɗe-littafi". Aka dakatar da sayarwa a 1925. Masana irin su Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard da Yandell Henderson na Jami'ar Yale suka yi gargaɗin cewa babban haɗarin ba a masana'anta yake ba, yana kan titi, inda dalma za ta riƙa taruwa sannu a hankali a jikin kowa. Kwamitin da hukumar Amurka ta kafa ya yi ɗan gajeren bincike, ya ce bai ga dalilin hanawa ba, ya kuma nemi a ci gaba da bincike mai zurfi. A 1926 aka koma sayarwa. Shekaru kusan 40 da suka biyo baya, yawancin binciken da aka yi kan lamarin yana hannun Robert Kehoe, likitan da kamfanonin suka ɗauki nauyin aikinsa, kuma matsayinsa shi ne sai an nuna cutarwa ƙarara kafin a hana.

Inda take zuwa bayan ta bar salansa

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu. Mafi yawan TEL da ta shiga inji takan ƙone, ta fito a matsayin dalma marar riga, cikin ƙura mai laushin da ke shiga can cikin huhu. Wajen kashi uku cikin huɗu ke bin hayaƙi, sauran ya maƙale a salansa da baƙin mai. Ɗan kaɗan ne ke tsira da rigarsa, ta hanyar tururin da ke tashi a gidan mai, ko man da ya zube, ko injin da bai ƙone mai da kyau ba.

Wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya daɗewa a sarari. Hasken rana da sinadaran iska kan fizge gungu ɗaya cikin sa'o'i, huɗu ta koma uku, uku ta koma biyu, daga nan rigar ta zube gaba ɗaya. Masu uku da masu biyu suna narkewa a ruwa, don haka ruwan sama ke wanko su zuwa ƙasa da koguna. A inda rana ba ta kaiwa kuwa, kamar lakar gindin tsohon tankin mai ko ƙasar da ke ƙarƙashin masana'anta, TEL na iya shekaru da rigarta.

Abubuwa biyu da suka faru a Turai sun nuna haɗarin. A watan Yulin 1974, jirgin ruwan Yugoslabiya mai suna Cavtat ya yi karo da wani jirgi ya nutse kusa da Otranto a kudancin Italiya, ɗauke da duro kusan 900 na wannan sinadari. Sai da aka shafe 1977 da 1978 masu nutso na tsamo su daga zurfin mita 90 da ɗoriya. A 1979 kuma, tsuntsayen bakin ruwa fiye da 2,000 suka mutu a mashigar kogin Mersey kusa da Liverpool. Binciken gawarwakinsu ya nuna dalma mai gungu uku, wadda ta fito daga ruwan dattin masana'anta, ta shiga jikin ƙananan halittun laka, tsuntsaye suka ci.

Akwai ƙarafan da ƙwayoyin halittar cikin laka ke ɗinka wa irin wannan riga da kansu. Haka suke yi wa makuri, kuma makuri mai metil ne ya halaka masunta a Minamata ta Japan. Game da dalma, masana sun daɗe suna saɓani a kan ko hakan na faruwa da yawa. Abin da aka auna dai ya nuna cewa dalmar kabon da ke muhalli sawun fetur take bi. A farkon shekarun 1990, masu bincike sun same ta a dusar ƙanƙarar Girinlan, sun kuma same ta a ruwan inabin da aka adana shekara-shekara daga wata gona kusa da manyan hanyoyi a kudancin Faransa. A duka biyun, yawanta ya hau lokacin da aka yawaita amfani da fetur mai dalma, ya sauka da aka rage.

Waɗanda suka tona asirin

Wanda ya fara girgiza matsayin Kehoe ba likita ba ne. Clair Patterson masanin duwatsu ne da ke auna dalma a duwatsun da suka faɗo daga sama don gano shekarun duniya, kuma a 1956 ya ba da lissafin shekara biliyan 4.55. Abin da ya dame shi a aikin shi ne duk abin da ya taɓa, ruwa ko kwalba ko iskar ɗakin, cike yake da dalma. Ya bi diddigi har tekuna da ƙanƙarar Girinlan, inda ya ga dalmar da ke sauka a zamaninsa ta ninka ta zamanin da fiye da sau 200. A 1965 ya wallafa cewa abin da ake ɗauka matakin da aka halicci mutum da shi, gurɓata ce da ta game kowa har aka daina ganin ta.

A 1979 likitan yara Herbert Needleman ya tattara haƙoran da yaran firamare suka famfare a yankin Boston. Yaran da haƙoransu suka fi dalma su ne suka fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, alhali babu wanda ya nuna alamar ciwo a cikinsu. Dalilin shi ne jiki na ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam. Yana shigar da ita inda jijiyoyi ke aika saƙo, yana kuma ajiye ta a ƙashi na shekaru masu yawa. Idan mace ta sami juna biyu, ƙashinta kan saki abin da ya ajiye, ya isa ga ɗan tayi. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa babu wani mizanin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Duk da haka, abin da ya fara korar dalma daga fetur a Amurka na'ura ce. Daga 1975 aka soma sa wa sababbin motoci matatar hayaƙi, dalma kuma na lalata ta. A farkon shekarun 1970 ƙasar na zuba wa fetur dalma fiye da tan 200,000 a shekara. Tsakanin 1976 da 1980, da aka rage wannan da kusan rabi, dalmar jinin jama'a ta sauka da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Japan ta gama dainawa a 1986, Amurka a 1996, Tarayyar Turai a 2000. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, kuma daga farkon 2006 yankin, har da Najeriya da Nijar, ya koma fetur marar dalma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa dainawar na ceton rayuka fiye da miliyan 1.2 a kowace shekara.

Tsugune ba ta ƙare ba

Ƙananan jiragen sama masu injin fistan har yau da mai mai TEL suke tashi, kuma hukumomin Amurka sun sa 2030 a matsayin lokacin da suke fatan dainawa. Wani sinadarin da aka maye gurbin dalma da shi, MTBE, ya gurɓata ruwan rijiyoyi har jihohin Amurka da dama suka hana shi. Babbar matsalar kuwa ita ce wadda aka riga aka zubar. Rigar kabon na ruɓewa, amma dalma tushen sinadari ce, ba ta komawa wani abu. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa har kashi 40 cikin 100 na dalmar da ke iskar Landan daga tsohon fetur take, shekara 20 bayan hana shi. Tana kwance a ƙasa, tayar mota da iska na tayar da ita.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye. Duk wanda ya yi wayo kafin 2006 a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya ga bakanike na wanke hannu da fetur, ya ga ɗan bumburutu na zuƙo mai da tiyo a baki, ya ga masu abinci a bakin tasha cikin hayaƙin motoci. Dalmar waɗancan shekaru tana cikin ƙasar tsofaffin tashoshi da garejoji da gefen manyan tituna, a ƙasar da ke da watanni na rani da ƙura. A kanta kuma ake ƙara ta masu fasa tsofaffin batura, da ta wasu fentoci, da ta tozalin da ake niƙawa daga dutsen dalma a sa wa jarirai. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, kimanin miliyan 800, na da dalma a jini da ta kai matakin damuwa.

Akwai abin da iyali za su iya yi. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a bar mai rarrafe yana wasa a ƙasar gareji, mai aikin batir ya tuɓe kayan aikinsa kafin ya shiga gida. Abinci mai gina jini da ƙashi, kamar wake da zogale da nono, na rage yawan dalmar da hanjin yaro ke tsotsa. Sauran aikin na hukuma ne: a auna ƙasar makarantu da kasuwannin da ke bakin tsofaffin hanyoyi, a binciki gindin tsofaffin gidajen mai kafin a gina gidaje a kansu, a samar da gwajin jinin yara a asibitocin jiha.

Ni dai darasin da na fi ɗauka daga wannan tarihi yana cikin muhawarar 1925. Masanan da suka yi gargaɗi ba su da alƙaluman da Patterson da Needleman suka zo da su daga baya, amma sun san dalma guba ce tun zamanin Rumawa, sun kuma san abin da aka watsa a iska ba a tattaro shi. Aka ce musu su kawo hujja, hujjar kuwa ba ta iya samuwa sai bayan an cutar da yaran da za a auna. Yau ma sababbin sinadarai na shigowa kasuwanninmu, a mai da fenti da maganin ƙwari da kayan shafa. Wanda zai ci ribar haja shi ya kamata ya tabbatar ba ta da illa kafin ta fita daga masana'anta, domin yaron da ke rarrafe a bakin titi ba shi da bakin da zai nemi a yi masa wannan adalci.